Zawon Kumandan Isaka

A shekarar da fari ya koro makiyaya zuwa sansanin Lazaret, sojoji suka karɓi mulki, aka turo Kumandan Isaka ya kula da wurin. Likita Habsatu, 'yar Damagaram, ta raina shi tun ranar farko, da ta ga ya ratsa bukkokin masu zawo da hankici a hanci.

Ba a daɗe ba wani kwali, katon ɗin jelil, ƙwayar nan mai ja da rawaya da take ba yara masu zawon jini, ya ɓace. Ta same shi a biro, ofishin Kumandan. Ashe safe da yamma yake afa su kamar gyaɗa, wai kada dattin baƙin ya kama shi.

"Ranka ya daɗe, lafiyarka lau," in ji ta. "Cikin mutum akwai ƙananan halittu masu amfani. Su ke cinye abincin da ƙwayar cuta za ta ci, su hana ta wurin zama. In ka kashe su, cuta ta samu fili."

Ya yi dariya. "Madam, ni soja ne. Ba na barin baƙo a cikina."

Ta roƙi rabin katon ɗin saboda yaran. Ya nuna mata ƙofa da sandarsa. A satin nan ta rufe idon wata yarinya da ƙwayar za ta iya ceta.

Kafin wata ya ƙare aka kawo Kumandan a bayan kamiyo, motar kaya, ya zube, wando ya ɓaci. Zawo ne wanda jelil ba ya taɓawa, ya samu hanji ba mai tsaro. Yana kuka yana kiran ta "ƙanwata".

Habsatu ta dube shi, ba ta ji komai ba sai ƙyama. Amma ta yi aikinta. Ta hana shi ƙwayar, ta sa masa ƙarin ruwa, ta riƙa ɗura masa kunu da nono mai tsami, irin wanda matan sansanin ke haɗawa da garin madarar taimako. Ya sha yana yamutsa fuska.

Ya warke. Aka ƙara masa galo, wato girman soja, aka kai shi garin Tawa. A bikin sallama ya gaya wa manya cewa ƙarfin jininsa ne ya tashe shi, aka tafa. Habsatu ta fita tun bai gama ba, ta koma wajen marasa lafiyarta.