Ƙafar Hagun Wandon Lurwanu

Shekara arba'in Malam Badaru yana taka keken ɗinki a bakin kasuwar Ajingi, kuma ba abin da yake cika baki a kansa kamar kaki. Gado ya yi, don mahaifinsa ne ke ɗinka wa 'yan doka kaya tun zamanin En'e. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha karatu: wai saƙar kaki a karkace take, layi-layi kamar kunyar gyaɗa, shi ya sa yake jure ƙaya, datti kuma ya ɓuya a cikinsa.

"Kuma yana da fuska, yana da baya," in ji shi. "Telan da bai san wannan ba, ya koma ɗinkin buhu."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne idonsa ya fara tafiya. Wata shida ke nan da lalube yake zura zare a allura. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya san halin 'yan kasuwa: ranar da aka ce tela ba ya gani, ko faci ba mai kawo masa.

Ana nan sai Lurwanu, ɗan amininsa, ya samu aikin gadi a wata makaranta a Gaya, ya kawo yadin kaki a ɗinka masa wando. Da Badaru ya shafa yadin da yatsa, da ya gane fuskarsa. Amma bencin cike yake da jama'a, girman kai ya hana. Ya ɗaga shi a rana yadda ya saba, ya sa almakashi.

Ran kasuwa Lurwanu ya dawo da wandon da ya karɓa, ya shimfiɗa shi a kan keke. Ƙafar hagu a bai-bai take, har launinta ya sha bamban da na dama.

"Baba, don Allah ɗan duba mini wannan," ya faɗa a hankali.

Badaru ya ɗaga, ya juya, ya ƙura ido. "Me ya same shi? Ai ɗinki lafiya lau!"

Sai a lokacin babban yatsansa ya bi ta kan ƙafar hagu, ya ji ta sumul. Bayan yadin ne a waje.

"Haka ne, Baba," in ji Lurwanu, yana ninke wandon. "Ni ne ban duba da kyau ba."

Hamma mai goro, wanda tun safe yake jira da shaddarsa ta Sallah, ya mayar da ita cikin leda, ya ce bari ya je ya dawo.