Mahaifar Da Ba A Tsaga Ba

Dakta Glenys Marchetti, likitar ɗakin gwajin nama, ta buɗe bokitin da aka aiko daga ɗakin tiyata ranar Talata da safe, wari ya gaya mata komai tun kafin ta sa hannu. Mahaifa ce sukutum, an tsoma ta a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa tun Juma'a ba a tsaga ta ba. Ko ɗalibin da ya shigo jiya ya san in an cire mahaifa mai ciwon daji, nan take ake buɗe ta don ruwan ya ratsa ciki. In ba haka ba, waje ya ƙame, ciki ya ruɓe. To amma wa ya isa ya gaya wa Rod Haigh? Babban likitan tiyata ne, shi ya cire mahaifar, ga shi mai jirgin ruwa, ranar Juma'a kuwa gangar jikinsa kawai ke asibiti, hankalinsa yana wurin kamun kifi.

Mahaifar ta Sela Fifita ce, 'yar ƙasar Tonga mai shekara hamsin da takwas, tana jera ayaba a kwali a wata gona a garin Tully. Gwajin da aka shirya mata yana duba waɗanne ƙwayoyin halitta ke aiki a cikin ƙarin dajin, waɗanne suka yi shiru. In ya ce haɗarin kaɗan ne, ta koma gida abinta. In babu amsa, dole a ɗauka mafi muni, a yi mata gashi, wato ƙona wurin da hasken na'ura, na mako biyar, da duk wahalar hanji da mafitsara da kan biyo baya. Ruɓaɓɓen nama kuwa ba ya ba da amsa.

A taron likitoci na azahar Glenys ta haska hoton a bango, ƙato, don kowa ya ƙoshi. Rod na zaune yana cin sanwici, hancinsa duk rana ta ƙone shi. Haushi ya turnuƙe ta.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, kifi dai ya samu ko?”

“Glenys, kada ki fara.”

“Ni na fara? Minti ɗaya, Rod. Ka ɗauki wuƙa ka tsaga. Wallahi mahaucin unguwarmu ya fi ka sanin darajar nama.”

Ko gezau. Ya share bakinsa ya ce, “Ku da na'urarku. Shekara talatin ina gane ƙari da idona.”

“Idon da ya kasa ganin bokiti? Baiwar Allah za ta sha gashin da wataƙila ba ta buƙata, saboda wani yana saurin tarar da igiyar ruwa.”

Daɗi ya kama Glenys, don ta daɗe tana jiran ranar nan.

Sai Dakta Wen Lau, likitar da ke yi wa masu ciwon daji gashin, ta ɗago kai daga fayil. Ita ba ta son hayaniya. Ta ce, “Ai abin bai kai nan ba. Akwai ɗan naman da aka kankaro mata a watan Maris, kafin tiyata. Shi an jiƙa shi daidai. A yi gwajin da shi mana. Yana ajiye a wurinki, ko, Glenys?”

Glenys ta san naman sarai. Ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar wake ba, an daskarar da shi a cikin kakin kyandir. Ƙarin ya fito fes, irin wanda ake nema a nuna wa ɗalibai, sai ta sa aka yi ta feraye shi ana shimfiɗawa a kan gilashin dubawa har guda arba'in don laccar da za ta gabatar a Melbourne. Doka ta ce a bar saura. Ita kuwa ta ce me za a yi da saura, ga mahaifa guda na tafe? Laccar ta yi kyau, har tafi aka yi mata.

Wen ta ce, “Glenys? Sela na waje da mijinta, tun asuba suka taso. Me zan ce musu?”

“Babu saura. Na ƙarar da shi.”

Ta jira Rod ya rama. Da ita ce, da ta yi masa kaca-kaca. Sai ya naɗe takardar sanwicinsa kawai yana kallon tebur, ita kuwa ta ji da ma zagin ta ya yi.

Wen ta rufe fayil ta miƙe. “Bari in gaya mata ta nemi wurin kwana na mako biyar.”