Lamba Ɗaya, Tirela Biyu

Aikina a kamfanin shi ne takardu. Inshorar tireloli, sabunta lasisi, shaidar lafiyar mota, rahoton da hukuma ke nema duk ƙarshen wata, duk a kan teburina suke kwana. Ofishin wani tsukukun ɗaki ne a bayan gareji, da fanka mai kuka da taga mai kallon inda ake wanke motoci.

Maigidanmu marowaci ne na bugawa a jarida, kuma yana da wata dabara da yake ji da ita. Kowace tirela mai inshora tana da wata irinta sak, fenti ɗaya, lamba ɗaya, wadda hukuma ba ta san da zamanta ba. Direbobi suna ce musu Hassana da Usaina. Hassana ke da takardun gaske, Usaina kuwa da hoton takardun 'yar'uwarta take yawo. In wannan ta yi gabas, waccan sai ta yi yamma, don kada su haɗu a hanya.

Yayana direba ne a nan, shi ya ma samo mini aikin. Wata Usaina ce birkinta ya tsinke da shi a gangare, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Da mutanen inshora suka duba lambar da aka buga a ƙarfen jikin motar, suka ce wannan ba tasu ba ce. Maigida ya dafa ƙirji ya rantse bai taɓa ganin motar ba, wai direban ne ya samo ta a wani wuri ya manna mata lambar kamfani yana ɗaukar kaya a ɓoye. Sauran direbobi kowa ya ja bakinsa ya tsuke, masu iyali ne, ban ga laifinsu ba.

Haka Yaya ya koma zaman gida, babu ƙafa, babu diyya, ga sunan ɓarawo. Tashar da ya yi rabin rayuwarsa a ciki ya daina ko leƙawa. Wata rana ina ɗaure masa bandeji ya ce, “Ƙanwata, ƙafar nan na barwa Allah. Sunan ne ya hana ni barci.”

Ni ban barwa kowa ba. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani, amma kullum da safe sai na rusuna na ce ranka ya daɗe, na miƙa masa takardu ya sa hannu. Da na kai ƙara da bakina, cewa zai yi 'yar'uwar ɓarawo ce ke huce haushi. Don haka na yi likimo ina jira.

Lokacin duba lafiyar motoci na shekara ya zo. Maigida ya leƙo ya ce, “Malama, Hassanoni kawai za ki tura, kin dai sani.” Ya shige motarsa ya tafi gida cin abinci.

Na tura Hassana ta farko da wani tsohon direba. Sannan na ɗauki makullin Usainarta na nufi ofishin ɗan maigida, wanda muke kira Ƙaramin Manaja. Saurayi ne mai son a san ya iya, yana da lasisin tirela da bai taɓa cin abinci da shi ba. Ya san da zaman tagwayen sarai, amma ko za a yanka shi ba zai iya bambance su ba.

“Manaja, direban wannan ya kwanta ciwo, ga shi yau ce ranarta a wajen dubawa,” na ce. “Ko in ɗaga? Na san sai gwani ke iya shiga da ita ƙofar can.”

Ya fizge makullin. “Wane irin ɗagawa ina zaune?”

Na bi bayansa da fayil a hammata. Da muka isa filin dubawa, ma'aikaci ya nuna masa layi, ya je ya tsaya tsaf a gefen Hassana, har da danna oda don a kalle shi. Aka kuwa kalle shi. Babban jami'in ya dubi wannan lamba, ya dubi waccan, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Nan take ya sa aka rufe ƙofa, aka kira maigida.

Ya iso yana haki, hula a karkace. Jami'in ya ce, “Malam, mota ɗaya ka yi wa rajista da inshora. Wa ya manna wa ta biyun lamba?”

Ina tsaye ina kallon bakinsa. A zatona yau dole ya ce shi ne, tunda ɗan cikinsa ke riƙe da makulli. Ashe ban gama sanin mutumin ba. Ya dubi ɗan nasa ido cikin ido, ya juya ga jami'in.

“Ranka ya daɗe, ku tambayi wanda ya tuƙo ta. Ni ban san da ita ba.”

Makullin ya suɓuce daga hannun Ƙaramin Manaja.

“Baba, ni?”

Uban bai ko waiwaye shi ba. Saurayin nan ya ja numfashi, ya ce wa jami'in a ba shi kujera, bayaninsa da tsawo. Ya faɗi inda ake buga lambobin, ya faɗi inda ake ɓoye Usainoni ranar dubawa. Ni kuma daga baya na ɗaga murya na ce, “Manaja, da wadda ta faɗi a gangare?”

“Ita ma tamu ce,” ya ce. “A gabana aka ɗaura mata lamba.”

Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Maigida ya nuna ni da yatsa ya ce na kori kaina daga aiki. Na ajiye masa fayil ɗin a kan murfin motarsa na fita.

A gida na tarar da Yaya a kan tabarma. Na kwashe labarin kaf na gaya masa. Ya gyara zama ya dube ni.

“A gaban mutane ya faɗa?”

“A gaban kowa, Yaya. Har da direbobi.”

Ya share fuskarsa da tafin hannu. “Miƙo mini sandunana da farar rigata,” ya ce. “Tasha za ni.”