An Ci Malama Hajo Tara da Nema

Takardar ta iso ranar Litinin, hedimasta Malam Abdulfatah ya karanta ta sau biyu a ofishin malamai, don a karon farko babu wanda ya yarda da kunnensa. Wata ƙungiyar matasan Jibiya ce ta shirya gasar ƙwallon gem tsakanin makarantun firamare, irin ƙwallon nan da ake bugawa a talabijin da manyan yatsu. Kowace makaranta za ta kawo yara huɗu da malami guda, sunaye kuma su isa kafin azahar ɗin Alhamis. Wai har 'yan Riko da Gangara da Bugaje sun riga sun miƙa nasu.

"Har Bugaje!" in ji hedimasta, yana buga takardar a tebur. "Mu da muke bakin boda mu zauna muna kallo? Malama Hajo, aikin naki ne."

Dariya ta kece a ofishin, har malamin lissafi ya ƙware da shayi. Shekara ashirin da bakwai Malama Hajo tana riƙe da ladabtarwa a makarantar nan, kuma ba ta da abokin gaba kamar gem. Yaron da ya tsallake katanga ya tafi buga shi, ita ke kamo shi da kunne. Hujjar hedimasta kuwa ita ce duk makarantar babu wanda ya kai ta sanin masu bugawa, tunda babu wanda bai taɓa shiga hannunta ba.

Abin da bai sani ba, Malama Hajo mace ce da ba a yi mata gori da garin maƙwabta. Jin sunan Bugaje kawai ya sa jininta ya hau. Ta karɓi takardar ta cusa a jaka, ta ce kafin a tashi zai ga sunaye.

A taron safe ta tsaya gaban yara ɗari shida ta ce, "Duk wanda ya iya buga gem ya ɗaga hannu."

Tsit, kamar ruwa ya ci makaɗi. Ta maimaita. Ta ce gasa ce, akwai kofi, akwai riguna masu lamba a baya. Da ta ga ba a motsa ba sai ta yi abin da ba ta saba ba, ta yi musu murmushi. Nan ne fa abin ya lalace gaba ɗaya, yara biyu 'yan aji ɗaya suka fashe da kuka. Yaran sun riga sun yanke cewa tarko ne, kuma wa zai ga laifinsu? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Ranar Talata ta aika aka kira mata Mufida 'yar aji biyar, wadda ta kama sau uku a zangon nan kaɗai.

"Ke, ance duk garin nan babu mai kai ki."

"Ni, Malama? Wallahi ban ma san yadda aka kunna shi ba."

Haka ta kira goma sha ɗaya, goma sha ɗayan suka rantse mata. Da suka fita ta zauna da farar takarda a gabanta, abin ya yi mata ciwo, ciwon da bai da alaƙa da Bugaje. Ita da ta koyar da iyayen wasunsu, yau ta zo musu da alheri a hannu amma babu yaro ko ɗaya da ya gaskata ta. Saura kwana ɗaya da rabi, kuma ta san in Alhamis ta yi takardar tana fara, ba gasar kaɗai ta rasa ba.

Laraba da la'asar ta ɗaura gyale ta nufi bakin boda. Manyan motoci sun yi layi suna jiran takardu, 'yan dako na hutawa a inuwarsu. Tsakanin mai shayi da mai faci rumfar Lado mai gem take, da sola a kan rufi da talabijin biyu a ciki, wurin da Malama Hajo ta sha zuwa farauta. Wata yarinya ta hango ta ta ƙwalla, "Ga Malama!" Kafin ƙiftawar ido rumfar ta tarwatse, wasu ta ƙarƙashin tabarmar baya, wasu ta bayan tayoyi, takalma a warwatse. Lado kansa ya miƙe yana gyara hula.

Mufida kaɗai ta rage. Tana tsakiyar wasa da babanta Maɗugu, direban babbar mota ɗan Maraɗi da ke jiran a sallami kayansa, kuma ya riƙe mata hannun riga don yana ganin yau kam zai rama.

Malama Hajo ta gaishe shi, ta ja benci ta zauna. Ta miƙa hannu.

"Ba ni abin dannawar."

Maɗugu ya dubi Lado, Lado ya dubi sama. Aka ba ta. Ta juya shi gaba da baya, ta tambayi ina ne gudu, ina ne bugu. Lado ya nuna mata da ɗan yatsa daga nesa, kamar mai nuna kunama.

Aka take wasa, ita da Mufida. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. 'Yan wasan Malama suka bazu kowa da inda ya dosa, ɗaya ya ɗauki ƙwallo ya fita fili da ita yana ta gudu a wuri ɗaya. Ita kuwa ta dage, jikinta duka yana bin abin, in za ta yi hagu sai ta karkata har ta kusa ture mai shayi da ya leƙo.

"Kai mai lamba tara! Ina za ka? Dawo nan, mara kunya!"

'Yan dako suka fara matsowa, direbobi suka baro inuwa. Amma minti biyar suka wuce babu ci. Mufida na kai wa bakin raga sai ta buga ƙwallon sama, ko ta miƙa wa ɗan wasan Malama ita a ƙafa, idonta a ƙasa.

"A'a, Malama," in ji Maɗugu. "Wanga ba wasanta na ba. Ni da kaina shidda taka zuba mini gaban yaran kamiyo, babbar motar tau. Tsoronki taka ji."

Malama Hajo ta ajiye abin dannawar a cinya. Ta lura da idanu a ramukan tabarmar baya, da ƙafafu ƙanana a bayan tayoyi. Ba su gudu da nisa ba, duk suna nan suna jiran su ga ƙarshen tarkon.

"Mufida, dube ni. Na taɓa ce miki zan dake ki na fasa?"

"A'a, Malama."

"To yau na ce ba zan dake ki ba, shi ma ba zan fasa ba. Buga wasanki."

Yarinyar ta gyara zama, yatsunta suka shiga rawa. Ta yanke ɗaya, ta yanke biyu, ta bar mai tsaron gidan Malama a kwance, ƙwallo ta girgiza raga.

Babu wanda ya yi ihu. Kowa fuskar Malama yake kallo, har Maɗugu ya ɗan matsa kusa da 'yarsa. Malama ta dubi mai tsaron gidanta yana birgima, kafaɗunta suka fara motsi, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke sa mutum riƙe ciki. Rabon da a ji wannan dariyar tun tana budurwa.

"Ja'ira! Ashe haka kike? Sake, mu gani!"

Wurin ya kaure. 'Yan dako suka hau tafi, wani direba ya je ya danna hon. Na biyu ya shiga, na uku ya biyo. Can Malama ta samu ƙwallo, ta runtse ido ta danna da dukkan ƙarfinta, ta ji an ce raga, ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa, gyale ya zame. Sai da Lado ya yi ta maza ya gaya mata gidanta ta ci. Ta ce ba ruwanta, ci ci ne, a rubuta mata.

Ba ta san lokacin da tabarmar baya ta ɗage ba. Ta dai ji numfashi a wuyanta, da muryoyi ta ko'ina.

"Malama, miƙa wa wancan!"

"Ba nan ba, Malama, ja baya! Wayyo, ta sake ba Mufida!"

Wata 'yar aji uku mai suna Nana, da haƙuri ya ƙare mata, ta kama babban yatsan Malama da hannu biyu ta dangwara shi kan madannin da ya dace. Sai bayan ta yi ta tuna yatsan wa ta kama, ta daskare. Malama Hajo ta ji ɗumin ɗan hannun nan har cikin ranta, idonta ya kawo ruwa, ta ce hasken talabijin ne.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Kar ki saki."

An tashi tara da nema. Takardarta ta manta da ita a ofis, sai Lado ya yago mata bayan kwalin madara. Yara huɗu ake so, ta rubuta talatin da ɗaya, suna turereniya, kowa na faɗin sunansa da na ubansa da ƙarfi kada a tsallake shi. Waɗanda suka rantse mata jiya su ne a gaba.

Tana naɗe kwalin Mufida ta ja mata gefen gyale.

"Malama, gobe ki zo nan da wuri. Ba ki iya komi ba, kar ki ba mu kunya gaban 'yan Bugaje. Sai mun koya miki."

Shekara ashirin da bakwai babu yaron da ya taɓa ce mata ta zo.

"To," in ji Malama Hajo. "Ƙarfe nawa?"