Kaifin da Ata Ya Wasa

Zhanerke ta sayi sababbin katakan zamiyar ƙanƙara, ta bi ƙarfen gefensu da magagari ta dakushe, don kada kaifin ya ciji bututun da take zamewa a kai. Tana dawowa daga shan shayi ta tarar kakanta Bolat, wanda take kira Ata, tsohon ɗan tseren gangara a kan ƙanƙara, ya wasa su tas.

"Ata, ka kashe ni!"

"Ja'ira, ba kaifi da me za ki tsaya?"

"Wa ya ce tsayawa nake so?"

Tsohon ya juya yana kallon duwatsun Almaty, inda matasa ke juyi a iska da katakan zamiyarsu kamar tsuntsaye, ƙanƙara na sauka a hankali. Can ya miƙa mata magagarin.

"Dakushe nawa katakan ma."