Wane Shekari?

Ranar da 'yata Judith ta ce sunan saurayinta Sylvanus Shekari, uwarta Rakiya ba ta ji Sylvanus ɗin ba. Shekari kawai ta ji.

"Shekari na jami'a? Farfesa? Ko alƙalin nan da ake faɗa a rediyo? Ai gidan har kwamishina sun yi!"

Na ce, "Rakiya, masu sunan nan fa a ƙasarmu ba su ƙirguwa. Bari mu tambaya."

Ina! Kafin Lahadi duk zumuntar matan cocinmu a unguwar Television sun san Farfesa zai zo biki. Har anko suka fitar.

Ni ban yi boko ba, amma na tsufa a tuƙin tirela, na san mutane. Na tafi Rido, na sami yaron yana walda kusa da sabuwar matatar mai. Na tambaye shi kai tsaye.

Ya ce, "Baba, ni ma a jarida nake ganinsu. Babana manomin citta ne a Kachia."

Yaron ya burge ni. Amma da na faɗa a gida, Rakiya ta ɗora hannu a ka.

"An fasa! Da wane ido zan kalli Mama Celina, shugabarmu?"

Judith ta shige ɗaki tana kuka, ta ƙi abinci.

Na ce, "Maman Judith, yaron nan ya taɓa ce miki ɗan Farfesa ne? Ke kika haifa masa dangi da bakinki. Yanzu 'yarki ce za ta biya?"

"To me zan ce wa zumunta?"

"Ki ce Shekari zai zo. Ƙarya ce?"

Ta yi ta ƙunƙuni, daga baya ta yi shiru. A gidana, shirun Rakiya shi ne amincewa.

Bayan ɗaurin aure, mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Baba Shekari, babban tebur!" Tsohon, mahaifin ango, ya taso da takalmin roba da koɗaɗɗiyar kwat. Mata suka miƙe da guɗa. Na ji Mama Celina tana raɗa wa ta kusa da ita, "Kin gani? Masu ilimin gaske ba sa ado."

Wata ta durƙusa tana roƙonsa ya sa baki ɗanta ya sami jami'a. Tsohon ya ce zai sa shi a addu'a.

Na waiga ko Rakiya za ta gyara zancen. Tana can tana zuba masa shinkafa: "Ranka ya daɗe, a ƙara nama?"

Judith dai ta tafi da mai waldarta. Ni kuma har yau matan zumunta suna tare ni a bakin coci, wai in ba su adireshin Farfesa.