Robar Bulumboti

Suwaibatu na durƙushe bakin rariya tana wanke hanjin ragon layya, sai Hajiya Hajaratu ta zaro abin daga jakarta. Doguwar kwalba ce mai lambobi a jiki, da wata jar roba a kai mai siffar kan nono. Matan gidan suka saki aikinsu suka yo kanta, har mai suyar kayan ciki ta taho da cokalinta yana ɗigar mai.

"Bulumboti sunanshi," in ji Hajiya Hajaratu. Ita ce yayar mijin Suwaibatu, jiya ta iso Daudawa daga Kaduna cikin sabuwar fijon mijinta ɗan kwangila. "Ga madarar gwangwani nan. Yanzu a birni da shi ake raino, ba sai an jira yaye ba."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Shekara goma sha huɗu Hajaratu na ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha saiwa, an je Makka an roƙa. Shi ya sa tun Suwaibatu na da ciki, Inna, uwar mijinta, ta yanke magana: abin da ɗanta Maharazu ya fara haifa na yayarsa ne, da zarar an yaye. Ba wanda ya ga abin musu, ɗan fari dama ba kasafai yake girma gaban iyayensa ba. Kuma shekara biyu da nisa. Sai ga kwalba ta zo ta mayar da shekara biyun gobe da safe.

Suwaibatu ta ci gaba da tura tsinke cikin hanjin tana juya shi. Ta jira ta ji gabanta ya faɗi. Bai faɗi ba.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba ke nan. Tun ranar da ta haifi Khadijatu a gidan iyayenta a Yargoje, wata huɗu da suka wuce, ba ta ƙara jin komai ba. An yi mata wankan jego da ruwan da ke neman saɓule fata, an ɗura mata kunun kanwa, duk ta karɓa. A miƙo mata jaririya ta ba ta nono, ta miƙa ta, kamar mai ba akuyar maƙwabta ruwa. Ba ƙi, ba so. Abin ban haushi kuma, shi ya jawo mata suna. A al'ada uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ko ɗaga ido ta kalle shi gaban mutane. Sauran mata fama suke su ɓoye abin da ke ransu, ita kuwa ba ta da abin ɓoyewa.

"Ku dube ta dai," in ji Inna, tana nuna ta da haɓa. "Tun da ta dawo daga wanka ban taɓa kama ta tana kallon ɗiyag ga ba. Wagga ita ce kunya, ba irin ta 'yan yanzu ba, da za ki ga yarinya ta rungume ɗan hwari tana mashi rawa gaban surukai."

Aka yi dariya. Wata ta ce Yargoje dai sun iya tarbiyya.

Hajiya Hajaratu ta sa aka tafasa ruwa, ta auna madarar da ɗan cokalinta tana karanta jikin gwangwanin a hankali, ta jijjiga, ta ɗiga a bayan hannunta. An ga alama ta daɗe tana gwada wannan ita kaɗai a ɗaki. Aka ɗauko Khadijatu daga bayan wata ƙanwar Inna, cikin 'yar rigar Sallar da Hajiyar ta kawo, ga tozali raɗau.

"To, mu gani," in ji Inna. "In ta kama, ku tahi da ita gobe. In ba hali, a bar ma uwatta sai an yaye, yadda aka saba."

Da farko yarinyar ta ture robar da harshe, ta yamutsa fuska. Can ta lalubo, ta cafke, ta shiga zuƙa har da lumshe ido. Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya Hajaratu kuwa, hawaye kawai ke bin kumatunta suna sauka a kan leshinta mai tsada.

Suwaibatu ta ga hawayen. Ta ce a ranta, wataƙila haka ya fi. Yaro ya tashi hannun wadda ke iya yi masa kuka.

"Suwaiba," in ji Hajiyar, ta share fuska da gefen mayafi, "ke ba ki ce komi ba."

"Mi za ta ce?" Inna ta tare. "So kike ki sa ta rashin kunya ranar Sallah?"

"Allah shi raya, Yaya," in ji Suwaibatu, kanta a ƙasa.

Da kwalbar ta ƙare, Hajiya ta miƙo mata. "Ungo, ƙanwata, ɗauraye mani da ruwan zahi, sau ukku. Ki yi hankali da robar, ita ɗai gare ni. Ko Funtuwa ba a samun ta, sai Kaduna."

Tukunyar ruwan zafin na bayan rumbu, inda Maharazu ya hura wuta yana babbakar kai da ƙafafuwa. Tun da aka sauko Idi bai shigo cikin mata ba. Shi ma uban ɗan fari ne, bakinsa a ɗaure yake kamar nata, ya fi nata ma, tun da uwarsa ce ta yi kyautar. Amma shekaranjiya Suwaibatu ta shiga ɗaki ba sallama, ta tarar da shi ya ɗora tafin ƙafar yarinyar a kan tafin hannunsa yana kallo. Ya zabura kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunyar miya, ya ce wai rediyonsa yake nema.

Ta durƙusa gefen wutar ta ɗebi ruwa a ƙwarya. Bai ɗago ba.

"Ta sha?" ya ce.

"Ta sha."

"Duka?"

"Duka."

Ya ci gaba da kankare kan ragon da wuƙa, a wurin da ya riga ya yi fari tas.

Suwaibatu ta kwance robar daga bakin kwalbar. Da ɗuminta har yanzu, ga santsin yawun yarinyar a jiki. Tun hantsi ba a kawo mata Khadijatu ba, ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, gaban rigar atamfarta ya jiƙe gida biyu. Ta sake laluba zuciyarta ko za ta tarar da wani abu, ko baƙin ciki, ko tsoro, ko ma murna. Wayam. Ta kuma san Hajiya mai mota ce, in ta so wata rana sai ta dawo da irin wannan goma.

Sai kawai yatsunta suka buɗe.

Robar ta faɗa tsakiyar garwashi, ta tattare, ta fara tsiyaya da baƙin hayaƙi. Maharazu ya dubi matarsa, ya dubi wutar. Da ya sa bakin wuƙa a lokacin, da ya fiddo robar. Ya ɗauki ƙafar rago ya turo garwashi a kai, ya danne, ya bar ƙafar a wurin.

"Maharazu!" muryar Inna daga tsakar gida. "Mi ke wanga ƙauri haka?"

"Kofato ne, Inna."

Suwaibatu ta ɗauraye kwalbar sau uku, yadda aka ce mata. Tana cikin na ukun Khadijatu ta fara kuka. Ta miƙe, ta gyara mayafi ya rufe gaban rigarta, ta tsaya nan bayan rumbu da kwalba a hannu, tana jira a kira ta.